Yadda Sanarwar Waya Take Aiki, da Yadda Ake Saita Ta Don Kare Sirri da Batir

Allon waya a kashe, WhatsApp a rufe, amma da zarar an turo maka saƙo sai ka ji ƙara. Mutane da yawa suna zaton kowace manhaja tana faɗake ne dare da rana tana sauraro, shi ya sa suke bin manhajoji suna kashewa don batir ya daɗe. Ba haka abin yake ba, kuma wannan zaton ne ke sa wasu rasa alat na kuɗi ko saƙon gaggawa ba tare da sun ceci wani cajin kirki ba.

Hanyar da sanarwa take bi

Wayarka tana riƙe da layi guda ɗaya a buɗe zuwa kwamfutocin kamfanin da ya yi tsarinta. A iPhone layin na Apple ne, sunansa APNs, an fara shi a 2009. A Android na Google ne: ya fara a 2010 da sunan C2DM, ya koma GCM a 2012, tun 2016 kuma ana kiransa FCM. Manhajar Google Play Services ce ke riƙe da shi. Wayoyin Huawei da suka fito ba Google tun daga 2019 suna da nasu, Push Kit. Kusan duk manhajojin da ke wayar ta wannan layi ɗaya suke samun sanarwa, kamar ɗan aike guda da ke kawo wasiƙun kowa a gida.

Ga yadda abin yake tafiya:

1. Ranar da ka saka manhaja ka buɗe ta, takan nemi lambar shaida daga Google ko Apple. Ana ce mata tokin: dogon jerin haruffa da lambobi ne na wannan manhaja a wannan waya kaɗai.
2. Manhajar ta aika tokin ɗin zuwa sabar kamfaninta, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan masu amfani da manhajar, a ajiye shi a jikin asusunka.
3. Idan wani abu ya faru, misali kuɗi sun shigo ko an yi maka magana, sabar kamfanin ba ta neman wayarka kai tsaye. Google ko Apple take miƙa wa saƙon tare da tokin.
4. Su kuma su duba wayar da tokin yake nufi, su zura saƙon ta layin nan da ke buɗe.
5. Wayar ta nuna shi yadda ya zo, ko ta tashi manhajar na ɗan lokaci don ta je ta ɗauko ainihin saƙon.

Saƙon da ke bi ta wannan hanya ƙarami ne ƙwarai, bai wuce bait 4096 ba, wato kilobait 4. Hoto ko bidiyo ko saƙon murya ba ya shiga ciki. Idan ka ga hoto a sanarwa, manhajar ce ta farka ta sauko da shi da datarka.

Idan data a kashe take, Google na iya ajiye saƙon har kwana 28, amma idan waɗanda ke jira na manhaja ɗaya suka haura 100 sai ya zubar da su, ya bar wa manhajar alama ta je ta duba sabarta. Apple kuwa na ƙarshe kawai yake ajiyewa ga kowace manhaja. Wannan ba ya nufin hirarka ta ɓace: WhatsApp na riƙe saƙon da bai isa ba a sabarsa har kwana 30.

A lura kuma cewa alat na SMS ba ya cikin wannan tsari. Shi ta layin MTN, Airtel, Glo da makamantansu yake zuwa, ba ya bukatar data. Sanarwar manhajar banki ko ta OPay da Moniepoint ita ce ke bi ta Google ko Apple.

Ina cajin yake tafiya?

Layin kansa ba ya cin wani abin a zo a gani. Aikinsa shi ne aika ɗan ƙaramin saƙo lokaci-lokaci don kamfanin sadarwa ko na'urar Wi-Fi kada su yanke shi. Dalilin ƙirƙiro tsarin ma ke nan: da kowace manhaja za ta riƙe nata layin, ko ta riƙa leƙa sabarta kowane minti biyar, da batir bai kai azahar ba.

Abin da ke cin caji shi ne abin da ke biyo bayan isowar sanarwa. Allo ya kunna, kuma allo ne ya fi komai shan wuta a waya. Injin girgiza ya motsa. Rediyon da ke magana da turken sadarwa ya tashi daga hutu, ba ya kuma komawa nan take, sai ya ƙara wasu daƙiƙoƙi a faɗake ko da wani abu zai biyo baya. Manhajar ta farka ta sauko da hotuna, wata ma ta yi amfani da damar ta aika nata rahoton. Sannan kai ka ɗauki wayar don duba saƙo ɗaya, ka zarce kallon bidiyo. Sanarwa ɗaya ba komai ba ce, amma guruf ɗin da ke zubo saƙo ɗari biyu a wuni sau ɗari biyu yake maimaita wannan aiki. Inda sabis ba shi da ƙarfi kuwa, wayar tana ƙara ƙarfin rediyonta don ta isa turke, kowace farkawa sai ta fi tsada.

Tun Android 6 na 2015 akwai tsarin da ake kira Doze. Idan waya tana ajiye, allo a kashe, ba a caji, takan shiga barci ta hana manhajoji intanet, sai ta ɗan buɗe musu ƙofa jefi-jefi. Sanarwa kala biyu ce a nan. Mai babban muhimmanci, irin kira ko saƙon hira, tana tayar da waya nan take. Mai matsakaicin muhimmanci, irin talla ko labari, tana jira sai an buɗe ƙofa. Kamfanin manhajar ne ke zaɓar kalar, amma Google na rage wa manhajar daraja idan tana yawan tayar da waya ba tare da nuna wa mutum komai ba. Daga Android 9 kuma wayar tana kasa manhajoji gwargwadon yadda kake amfani da su, wadda ka daɗe ba ka buɗe ba sai a rage mata dama.

Wato wayar ta riga ta iya tattalin kanta. Manhajojin "share waya" da "ƙara gudu" da ke kashe komai da dannawa ɗaya galibi ɓarna suke yi: abin da suka kashe sai ya sake tashi daga farko, tashin nan kuma ya fi cin wuta a kan barinsa yana barci. Shawararmu ita ce a rage yawan sanarwar, a bar hanyar da take bi ta zauna lafiya.

Matakan rage cin batir

Sunayen wuraren suna ɗan bambanta daga waya zuwa waya. Idan ba ka ga abu ba, rubuta sunansa a wurin bincike da ke saman Settings.

Fara da gano masu surutu. A Android shiga Settings, Notifications, App notifications, ka jera su bisa Most frequent. A iPhone shiga Settings, Screen Time, See All App & Website Activity (a tsofaffin iOS See All Activity), ka gangara ƙasa, za ka ga adadin sanarwar kowace manhaja. Biyar ɗin farko su ne aikinka.

Kada ka rufe manhaja gaba ɗaya idan wani ɓangarenta kawai ke damunka. Tun Android 8 sanarwar kowace manhaja kashi-kashi take. Danna sanarwar ka riƙe, ka shiga saitinta, za ka ga rukunan: a manhajar kuɗi, misali, na shigar kuɗi daban, na talla da garaɓasa daban. Kashe na talla, bar na kuɗi. A wasu sababbin Samsung sai ka fara kunna Manage notification categories for each app a cikin Advanced settings kafin rukunan su bayyana.

Abin da kake son gani amma ba na gaggawa ba, mayar da shi Silent. Zai zauna a jeri ba ƙara, ba girgiza, ba kunna allo. A iPhone mai iOS 15 zuwa sama akwai Scheduled Summary, wanda ke tara irin waɗannan ya kawo su a lokutan da ka zaɓa, ko safe da yamma. Manyan guruf-guruf na WhatsApp kuwa a cikin manhajar ake rufe musu baki: zaɓi Mute, sannan Always. Saƙon da aka ambaci sunanka a ciki zai ci gaba da sanar da kai. Ka haɗa da kashe saukar hoto da bidiyo ta atomatik a Storage and data, don nan ne data da caji ke zurarewa tare.

Sai matsayin batir na kowace manhaja. Daga Android 12, idan ka shiga bayanan manhaja ka danna Battery, za ka ga zaɓi uku. Optimized shi ne daidai ga kusan kowa. Restricted na wasanni ne, da manhajojin sayayya, da duk wadda ba ka jiran komai daga gare ta. Unrestricted ka ba biyu ko uku kawai, waɗanda jinkirinsu asara ne, su ma sai idan ka ga suna makara.

A ƙarshe leƙa Chrome: Settings, Site settings, Notifications. Shafukan da suka ce ka danna Allow kafin ka sauke waƙa ko ka kalli ƙwallo duk suna nan. Su ne ke turo "wayarka ta kamu da cuta" da "ka ci kyauta". Ba cuta ba ce a wayar, izini ne ka bayar. Cire su duka, ka hana shafuka sake tambaya.

Sirri: wurare uku da bayani ke zuba

Na farko shi ne allon kulle, kuma shi ne ya fi kusa da kai. Wayar da aka bari a shagon caji, ko wurin mai gyara, ko a kan tabarma a majalisa, tana nuna sunan mai saƙo da farkon maganarsa ga duk wanda ya kalla. Mafi haɗari ita ce lambar tabbatarwa ta banki ko ta WhatsApp: wanda ya san lambar wayarka zai iya neman a turo ta, ya karanta a allonka ba tare da ya san makullin wayar ba. Haka ake ƙwace asusun WhatsApp da dama.

A Android shiga Settings, Notifications, ka nemi saitin allon kulle, ka zaɓi Hide content, ko ka kashe Sensitive notifications. A iPhone: Settings, Notifications, Show Previews, ka zaɓi When Unlocked ko Never. Bayan ka saita, kulle wayar ka sa wani ya turo maka SMS da saƙon WhatsApp, ka ga abin da ya fito da idonka, domin wasu manhajoji suna da nasu saitin da ke saɓa wa na waya. A Signal za ka iya zaɓar a nuna suna da saƙo, ko suna kaɗai, ko ba ko ɗaya. A WhatsApp hirar da aka sa wa Chat lock ba ta nuna suna ko abin da aka rubuta. Kunna Two-step verification na WhatsApp ma, ta yadda lambar SMS kaɗai ba za ta isa a shiga asusunka ba.

Akwai kuma Notification history, da ya zo a Android 11. Idan a kunne yake yana ajiye sanarwar awa 24 da suka wuce, har da saƙon da mai shi ya goge daga baya. Yana da amfani ga wanda ke share sanarwa bisa kuskure, amma idan kana ba wasu aron wayarka, kashe shi.

Na biyu shi ne manhajar da ka ba izinin karanta sanarwar sauran manhajoji. Wannan izini ne mai nauyi: mai shi yana ganin duk abin da ya fito, saƙon iyali, alat na banki, lambar sirri, yana kuma iya share sanarwa kafin ka gani. Shiga Settings, Apps, Special app access, Notification access (wasu wayoyin suna rubuta Device & app notifications). Abin da ya kamata ka tarar bai wuce na tsarin wayar ba, da Android Auto, da manhajar agogon hannunka idan kana da shi. Manhajar tocila, ta bashi, ta share waya, ko ta "dawo da saƙon da aka goge" ba su da hurumi a nan. Manhajojin leƙen asiri da ake sa wa mutum a ɓoye ma da wannan ƙofa suke aiki, don haka duk sunan da ba ka gane ba, cire masa izinin sannan ka goge shi. Android 13 ya fara toshe wannan izini ga manhajojin da aka sauko daga wajen Play Store, Android 15 kuma yana ɓoye lambobin tabbatarwa daga masu karanta sanarwar da ba amintattu ba. Mai tsohuwar waya ba shi da wannan kariya, sai ya duba da kansa.

Na uku ba a ganinsa, shi ne Google da Apple kansu. Tunda komai ta hannunsu yake bi, suna iya sanin wace manhaja ce ta turo maka sanarwa, da wane lokaci, zuwa wace waya. Idan kamfanin manhajar bai kulle rubutun ba, har abin da ke ciki yana wucewa ta wurinsu. Signal ba ya sa komai a ciki, alamar "farka ka duba" kawai yake aikawa, sai manhajar ta ɗauko saƙon ta buɗe shi a wayarka. Saƙon WhatsApp ma a kulle yake, sai a wayar mai karɓa yake buɗuwa. Amma manhajoji da yawa na sayayya, na neman aure, na lafiya, rubutun tsirara suke turawa, wasu ma ta hannun kamfani na uku irin OneSignal, wanda ke lissafa wace sanarwa ka buɗe.

Tokin ɗin kansa shaida ne. A Disamban 2023 Sanata Ron Wyden na Amurka ya rubuta wa Ma'aikatar Shari'ar ƙasar cewa gwamnatoci na neman bayanan sanarwa daga Apple da Google. Hanyar ita ce: mutum ya buɗe asusu da sunan bogi a wata manhaja, hukuma ta karɓi tokin daga kamfanin manhajar, ta kai wa Apple ko Google, su faɗi asusun da yake jikinsa. Cikin 'yan kwanaki Apple ya sauya ƙa'idarsa, ya ce sai da umarnin alƙali zai bayar. Ga ɗan jarida ko mai fafutuka wannan babbar magana ce. A Janairun 2024 kuma masu binciken tsaro na Mysk suka nuna cewa wasu manyan manhajojin sada zumunta a iPhone suna amfani da ɗan lokacin da sanarwa ta tashe su wajen aika bayanan wayar zuwa sabobinsu.

Abin da za ka iya yi a nan taƙaitacce ne, gara a faɗi gaskiya. Kashe sanarwa a Settings yana hana ta fitowa a allo, amma ba lallai ya soke tokin ba, kuma manhaja na iya karɓar saƙon shiru wanda ba ya nuna komai. Abin da ke yanke alaƙar shi ne goge manhajar. Facebook, X da shafukan labarai duk suna buɗuwa a burauza, kuma can ba su da tokin sai ka ba su izini. Mai bukatar tsaro sosai zai iya amfani da manhajojin da ke riƙe nasu layin ba tare da Google ba, ko tsarin UnifiedPush, wanda ke kawo sanarwa ba ta hannun Google ba, amma ya sani batir ne zai biya: kowane layi na daban ƙarin farkawa ne. Haka Keep-Alive Service da Background Connection na Telegram suke, a bar su a kashe sai idan sanarwarsa ba ta zuwa.

Idan saƙo ba ya shigowa sai ka buɗe manhaja

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa a Tecno, Infinix, itel, Redmi, Oppo da wasu Samsung, domin kamfanonin sun ɗora nasu tsarin kashe manhajoji a kan na Google. Bi wannan jeri daga sama, ka gwada bayan kowane mataki: kulle wayar, ajiye ta minti goma sha biyar, sannan a turo maka saƙo. Gwaji nan take ba ya nuna komai, don wayar ba ta riga ta yi barci ba.

1. Tabbatar an ba manhajar izinin sanarwa. Daga Android 13 sai ta tambaya, kuma mutane da yawa suna danna Don't allow cikin sauri. Duba kuma ko Do Not Disturb, ko Focus a iPhone, yana kunne.
2. Duba data ta bayan fage. A bayanan manhajar shiga Mobile data, kunna Background data. Idan kana amfani da Data Saver, kunna mata Unrestricted data, ka yi wa Google Play Services haka shi ma.
3. Ba ta izinin tashi da kanta. A Tecno da Infinix yana cikin Phone Master ko saitin manhajoji, da sunan Auto-start management. A Redmi sunansa Autostart. A Samsung shiga Battery, Background usage limits, cire ta daga Deep sleeping apps, ka sa ta a Never sleeping apps.
4. Daina danna Force stop. Manhajar da aka yi wa haka ba ta karɓar komai sai ka buɗe ta da hannu. A wasu wayoyin share manhaja daga jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan ma haka yake yi, don haka sa mata alamar kwaɗo a jerin.
5. Kashe Ultra power saving. Yana rufe kusan komai da gangan.
6. Gyara kwanan wata da agogo, ka mayar da su na atomatik. Idan sun karkace sosai, wayar ba ta amincewa da takardar shaidar sabar, layin sai ya ƙi haɗuwa.
7. Sauya hanya. Idan a Wi-Fi ne abin ke faruwa amma da data lafiya lau, na'urar ko ofishin na toshe ƙofofin da layin ke bi: 5228 zuwa 5230 na Google, 5223 na Apple. VPN na kyauta ma yakan yanke layin idan waya ta yi barci. Haka nan datar da aka saya ta WhatsApp ko Facebook kaɗai tana iya ƙin ɗaukar layin Google, saƙo ya ƙi sanarwa sai an buɗe manhaja.

A yawancin wayoyin Android, idan ka danna *#*#426#*#* a wurin kira, shafin binciken FCM zai buɗe. Idan ya nuna a haɗe yake, laifin na saitin manhajar ne. Idan ya nuna a yanke, matsalar ta intanet ce ko ta Play Services, sai ka sabunta shi ka tabbatar ba a taƙaita masa batir ko data ba.

Mai shago da mai POS su riƙe wannan: sanarwa tana iya makara, kuma SMS ana iya ƙirƙirar na bogi da sunan banki. Kafin ka saki kaya, buɗe manhajar ka ga kuɗin a jerin cinikinka.

Idan duk matakan nan sun gaza, mai yiwuwa tokin ɗin da ke sabar kamfanin ya tsufa, abin da kan faru bayan an kwaso manhajoji daga tsohuwar waya zuwa sabuwa. Fita daga asusun ka sake shiga, ko ka goge manhajar ka sake saukewa daga Play Store ko App Store, za ta karɓi sabon tokin. Kafin ka goge WhatsApp ka tabbatar ka yi ajiyar hirarka a Google Drive ko iCloud, kuma layin da ka yi rajista da shi yana hannunka, domin ta kansa lambar tabbatarwa za ta zo.